Ƙera ɗan ɗakin kwana mai taya a Kano: a liƙe alminiyam ko a bar shi ya sake?

Wani ƙanena ne ya aiko mini da tambaya, ga ta a taƙaice. Ya ga irin ƙananan tirelolin nan na Amurka masu siffar ɗigon hawaye, gaba a kumbure baya a tsuke, waɗanda ƙaramar mota ke ja, mutum biyu su kwana a ciki, a ɗaga murfin baya a yi girki. Yana so ya ƙera tasa a nan Kano, ya riƙa ja da Corolla shi da maiɗakinsa zuwa gonarsa da ke wajen Tiga, in hali ya yi har Yankari. Ya ce shin zai yiwu a nan? Wane kaurin alminiyam zai saya? Kuma da gam ake liƙa shi a jikin katako ko da ƙusa?

Ƙanena, zai yiwu ƙwarai. Babu abin da za ka nema ka rasa tsakanin Ƙofar Ruwa da 'Yan Katako na Na'ibawa da Sabon Gari. Na haura shekara 20 ina walda da ƙera bodin mota, irin wannan ɗakin kuma na yi guda uku, don haka abin da zan gaya maka da hannuna na taɓa shi. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin a nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace: kada ka liƙe alminiyam a jikin katako. Ka ɗauke shi kamar babbar riga. Jikin ɗakin katako ne, ƙashinsa ƙarfe, alminiyam kuwa sutura ce da ake ɗorawa a kai, a kama ta a gefe da gefe, a bar tsakiyarta ta sake.

Na farkon da na ƙera, a watan Disamba na lulluɓe shi. Na shafa gam irin wanda kafintoci ke liƙa fomaika da shi, na shimfiɗa alminiyam, na bi shi da tsumma ina dannawa har ya kwanta luf. Ranar da mai shi ya zo ɗauka sai da ya tsaya yana kallon fuskarsa a jikin bangon. Ƙarshen Afrilu ya dawo mini da shi. Gefen da ke kallon yamma a inda yake ajiye shi ya yi tudu da kwari kamar gindin tsohuwar tukunya. In ka danna nan da tafin hannu sai can ya ɗago da ƙara, ɓam. A wurare biyu kuma ƙarfen ya tsage daga bakin ramin sukuru. Kwana huɗu muka yi muna ɓare shi, kuma duk farantin da muka ɓare bai sake moruwa ba. Abin ya yi mini ciwo, domin mutumin ya amince da ni, kuma ni na biya kuɗin gyaran.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Alminiyam yana miƙewa da zafi fiye da yadda mutane ke zato: kowace mita ɗaya tana ƙaruwa da kusan milimita 0.023 a kan kowane digiri ɗaya da zafi ya hau, wato kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Ka lissafa da yanayin garin nan. Da asubar Janairu sanyi na iya saukowa wajen digiri 12. Da azahar ɗin Afrilu iska kanta tana haura digiri 40, farantin ƙarfen da ke kwance a rana kuwa yana iya kaiwa 70, wanda ba ka iya ɗora hannu a kai. Bango mai tsawon ƙafa 8 zai yi wasa da kimanin milimita 3 tsakanin waɗannan lokuta biyu, rufi mai tsawon mita uku da rabi ya haura milimita 4. Katakon da ke ƙarƙashinsa shi bai damu da zafi sosai ba, damshi yake bi: ya tsuke da hunturu, ya kumbura da damina. Abu biyu ke nan, kowa da lokacin motsinsa. In ka ɗaure su da gam, wanda ya rasa inda zai miƙe sai ya kumbura waje. Gam ɗin ma kansa yana laushi idan ya sha rana, sai ya saki wani wuri ya riƙe wani, shi ne tudu da kwarin da na gani.

Yadda nake yi yanzu shi ne na yanka farantin ya gaza katakon da milimita 2 ko 3 a kowane gefe, na jingina shi, na kama shi na wucin gadi. Abin da zai riƙe shi na dindindin su ne abubuwan da dama za a ɗaura a kansa: firam ɗin ƙofa, firam ɗin taga, madigadi, da angil ɗin alminiyam da ke bin bakin rufi da ƙasan bango. Duk inda sukuru zai ratsa farantin, ramin da ke jikin alminiyam ya fi sukurun faɗi. In sukurun milimita 4 ne, ka huda 6, ka bar katakon ciki shi ya kama zaren. Kada ka ɗaure har ƙarfen ya lotsa. Ƙusa kuwa ka manta da ita gaba ɗaya, girgizar hanya fitar da ita take yi sannu a hankali, kuma kowace ƙusar da ta ɗago ƙofa ce ta ruwa.

Kauri kuma, milimita 1 nake so a bango. Faranti ɗaya mai ƙafa 4 da 8 a wannan kauri nauyinsa kilo 8 ne, alhali baƙin ƙarfe mai girmansa ya kai kilo 23, ka ga dalilin da ya sa ake son alminiyam. Ƙasa da 0.7 yana nuna duk wani ƙulli da ke jikin katako, kuma tsakuwar da taya ta harbo tana lotsa shi. Sama da 1.2 nauyi ne da kuɗi a banza, ga wuyar lanƙwasawa. Ka tafi kasuwa da ma'aunin kauri a aljihu, ka auna da kanka a gaban mai kaya. An taɓa sayar mini da 0.8 a matsayin 1, ban gane ba sai da na zo shago.

Rufin yana da tasa matsalar. Daga ƙasan goshin ɗakin, a bi lanƙwasa har zuwa wutsiya, tsawon ya wuce ƙafa 8 nesa ba kusa ba, don haka faranti ɗaya ba zai kai ba, kuma duk haɗin da ka yi a kan rufi wata rana zai yi yoyo. Dabarar ita ce ka je wurin masu buga kwanon rufi dogo. Alminiyam ɗinsu a naɗe yake zuwa, sai sun sa shi a inji yake yin kwari-kwari. Ka roƙe su su yanko maka tsawon da kake so a shimfiɗe kafin ya shiga inji. Suna da 0.45 da 0.55 da 0.7, kai 0.7 za ka ɗauka, domin a kan lanƙwasa siririn faranti yana samun ƙarfi. Sai dai ka auna faɗin naɗin tun kafin ka yanke faɗin ɗakinka, kada ka gama gini ka tarar rufin ya gaza da yatsa biyu. Haɗi ɗaya tak za ka yarda da shi, shi ne inda murfin baya yake haɗuwa da rufi.

Ka zaɓi fari. Na san abin da ya ja hankalinka a hotunan shi ne ƙyallin nan kamar jikin jirgin sama, kuma yana da asali: tun shekarun 1930 mujallun sana'a a Amurka suke buga zanen irin wannan ɗaki, amma bayan an gama yaƙin duniya na biyu a 1945 ne ya yaɗu, lokacin da ragowar alminiyam na jiragen yaƙi ya yi arha, mutane suna saye suna ƙerawa a bayan gida. Su sanyi suke gudu. Ƙarfe tsirara yana mayar da hasken rana, gaskiya ne, amma zafin da ya riga ya shige shi ba ya sakinsa da wuri. Farin fenti yana mayar da haske kuma yana sakin zafi. Ka ajiye yanki biyu a rana da ƙarfe biyu na rana, ɗaya tsirara ɗaya fari, ka taɓa su, ba sai na ƙara maka bayani ba. Ga shi kuma mai ƙyalli yana kashe idon direban da ke bayanka. Akwai wanda ake lulluɓe fuskar gidajen mai da bankuna da shi, mai roba a tsakiya, wanda muke kira aluko. Yana kwanciya sumul a bango, amma ya fi nauyi, ba ya bin lanƙwasar rufi da sauƙi, kuma robar cikinsa tana cin wuta. Ni ba na sa shi a inda mutum zai kwana.

Wani abin da mutane ke kuskure a kai shi ne zaton alminiyam ne ke hana ruwa shiga. Ba shi ba ne. Kafin faranti ya hau, ya kamata a ce ɗakin nan na katako zai iya kwana cikin ruwan Agusta bai jiƙe ba. Ka shafe shi da fenti mai mai ko banish, shafa ta farko a tsinke da tina don katakon ya sha, sannan biyu ko uku masu kauri. Ka fi ba da ƙarfi a bakin filawud, inda ake ganin falle-fallensa, domin ta nan yake zuƙar ruwa kamar lagwani. Ƙasan daɓe ka shafe shi da kwalta. Duk inda angil ko firam zai kwanta a kan alminiyam, ka sa robar nan mai danƙo da ake kira butil a tsakani, irin wadda ake liƙe fitilar mota da ita, ba ta bushewa, tana bin motsin ƙarfe. In ba ka samu ba, baƙin gam ɗin da ake ɗaura gilashin gaban mota da shi zai yi. Silikon mai warin tsami da ake sa wa tagogi kuwa ka bar shi a kasuwa: yana cin ƙarfe, yana saki bayan damina ɗaya ko biyu, kuma inda ya taɓa wani gam ba ya sake kamawa sai an kankare.

Kada alminiyam ya taɓa baƙin ƙarfen shasi, wato ƙashin da ɗakin ke zaune a kai, kai tsaye. Idan damshi ya shiga tsakaninsu alminiyam ne yake cinyewa, ya riƙa fitar da farin gari kamar gishiri har ya huje. Ka raba su da fenti da yankin tsohon tif na taya. Sukurori su zama marasa tsatsa. Haka kuma maganin gara: ka sa, domin ɗakin zai riƙa zama a ƙasa a gona, amma ka guji mai tagulla a ciki, wanda ke mai da katako kore-kore, shi ma cin alminiyam yake yi.

Angil ɗin da zai bi lanƙwasar rufi shi ne inda almajirai ke ɓata kaya. In ka tanƙwara shi yadda ka sayo shi, ko ya karye ko ya yamutse. Sai ka yi masa laushi tukuna. Ka goga masa sabulun wanki na sanda, ka bi shi da wutar gas a hankali daga ɗaya gefen, kana tafiya ba tsayawa. Da zarar sabulun ya koma baƙi, ya isa, ka matsa gaba. Ka bar shi ya huce, za ka ga yana bin hannunka kamar dalma. Ka kula, alminiyam ba ya yin ja kafin ya narke kamar yadda baƙin ƙarfe yake yi, a digiri 660 sai kawai ka ga ya zube, shi ya sa sabulun yake zama idonka. Ka gwada a guntu kafin ka taɓa dogon.

To, duk wannan sutura ce. Kai ba ka yi tambaya a kan shasi ba, amma shi ne zai iya kashe mutum, don haka dole na tsaya a kansa.

Girman da aka saba, ƙafa 4 da 8, daga girman farantin filawud ya samo asali, santimita 122 da 244. A karonka na farko ka tsaya a nan. Shasin ka yi shi da fayif mai kusurwa huɗu, milimita 50 da 50, kauri 2.5 zuwa 3, da sanduna a gicciye kowace santimita 60. Wuyan da ke zuwa mota ya zama ƙafa biyu da suka haɗu a gaba, kuma su shige ƙarƙashin shasin har sandar gicciye ta biyu. Wuyan da aka liƙa a fuskar gaba kawai, a bakin waldar yake karyewa, kuma ba ya karyewa sai ana cikin gudu. Kafin ka cika walda ka ɗiga ta tukuna, ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu, sai sun zo daidai. Haka daga bakin maƙalar mota zuwa kowane kan aksul. In ɗaya ya fi ɗaya ko da santimita guda ne, tirelar za ta riƙa tafiyar kaguwa tana cin taya.

Aksul da boris da wili duk za ka samu a Ƙofar Ruwa. Na fi son na bayan ƙaramar mota mai jan gaba, kuma in ka dace da wanda ramukan notinsa suka yi daidai da na motarka, safaya ɗaya ta ishe ku. Boris kam sabo za ka sa, da giris mai kyau. Sifirin shi ne abin lura. Masu walda sun saba da amalanke da motar kaya, sai su ɗaura maka sifirin a-kori-kura mai falle bakwai a ƙarƙashin ɗakin da bai kai rabin tan ba. Irin wannan ba ya lanƙwasa ko kaɗan, duk ramin da taya ta faɗa jikin ɗakin ne yake sha, sukurori su saki, kwanuka su tarwatse. Ka rage falle har sai in mutum ya hau ya yi tsalle ka ga ya nutsa ya dawo.

Inda aksul zai zauna kuwa ba a yin sa da ido. Ƙa'idar ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na dukkan nauyin ya sauka a kan maƙalar mota. In ɗakin da kayansa kilo 450 ne, wuyan ya danna da kilo 45 zuwa 67 da rabi. Idan ya gaza haka, wato baya ya fi nauyi, da ka kai wani gudu tirelar za ta fara kaɗa wutsiya hagu da dama, tana jan bayan motar, kuma kowace kaɗawa tana fin ta baya. Na ga haka da idona a hanyar Zariya da wata ƙaramar tirelar kaya, abin ba kyan gani. Irin naka kuma kicin a baya yake, ga tukwane ga kayan abinci, don haka aksul yana komawa baya da tsakiya, wajen kashi 60 zuwa 65 na tsawon bodin in an auna daga gaba. Ni ba na walda maƙalan sifirin sai a ƙarshe. Nakan kama su da matsi, in ɗora duk abin da zai shiga, har jarkar ruwa a cike, domin lita 25 kilo 25 ce, sannan in sa sikelin awon mutum a ƙarƙashin wuyan in ga abin da ya nuna. In matsa aksul gaba ko baya har lissafi ya fito, sannan in kira wuta.

Ka yi ƙoƙari kada duka-duka ya wuce kilo 500. A Turai iyakar tirelar da ba ta da birkin kanta kilo 750 ce, kuma littafin motarka yana da tasa iyakar, wadda sau da yawa ta gaza haka, ka duba shi. Sannan ƙwallon maƙala iri-iri ne. Motocin da aka shigo da su daga Turai nasu milimita 50 ne, na Amurka inci 2 ne, wato 50.8, akwai ma ƙarami inci ɗaya da bakwai bisa takwas. A ido kusan ɗaya suke. Ka tabbata bakin wuyan tirela da ƙwallon gida ɗaya suka fito, kuma maƙalar a ƙashin motar aka ɗaure ta, ba a bamba ba. Ka sa sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin wuyan, don in ya kuɓuce su tare shi kada ya caki kwalta. Fitilar birki da sigina da abin ƙyalli na baya dole ne. Kafin ka sayi ƙarfe ko ɗaya ka leƙa ofishin VIO da na hukumar kiyaye haɗurra, ka nuna musu zanenka, ka ji abin da suke buƙata na rajista da lamba, ka ajiye rasiɗan aksul da ƙarfe. Ya fi maka sauƙi da ka tsaya yi wa 'yan KAROTA bayani a tsakiyar titi da iyali a mota.

Bango kuma, zanen Turawa da yawa filawud mai kauri 18 suke sa wa falle ɗaya su wuce. A Kano wannan tanda ce. Ka yi shi hawa uku: filawud 6 a waje, firam na busasshen katako mai kaurin milimita 25 a tsakiya da aka cike ramukansa da farin soson nan mai tauri irin na kwalin firji, sai filawud 4 a ciki. Ya fi sauƙin nauyi, ya fi tare zafi. Rufi ya samu soso milimita 40 zuwa 50, domin shi ne ke shan rana tun hantsi. Farin gam na kafinta za ka yi aiki da shi a nan, domin gam mai warin fetur narkar da soson yake yi nan take. Katakon firam ka saye shi da wuri ka jingine shi a inuwa ya bushe, ɗanye zai murɗe maka bayan ka rufe.

Lanƙwasa filawud a kan rufi tana da sirri ɗaya. Ka ɗauki mai kauri 3, falle biyu, ɗaya bisa ɗaya. Filawud yana lanƙwasuwa cikin sauƙi ne idan zanen jijiyar fuskarsa ya kwanta a gicciyen ɗakin, daga bango zuwa bango. Tun da jijiyar tana bin tsawon farantin ne, sai ka raba shi biyu, ƙafa 4 da 4, ka juya kowane yanki. Sandunan rufi kowace santimita 30, a goshi inda lanƙwasa ta yi tsanani ka matso da su kusa. Kada ka zana goshin ya tsuke da yawa don kyau, filawud zai yi ƙara ya tsage.

Murfin baya shi ne wurin da ya fi ba ni wahala a duka ukun. Haƙarƙarinsa ka yanko su a lanƙwashe daga filawud 18, kada ka dogara da tanƙwarawa, in ba haka ba bayan wata biyu zai buɗe baki ya daina zama. A kan hinjin ka shimfiɗa doguwar roba daga wannan gefe zuwa wancan, ta shige ƙarƙashin alminiyam ɗin rufi. Bakinsa duka ka zagaye shi da robar ƙofar mota, ka sa makulli biyu masu jawo shi su matse. Ba ruwa kaɗai kake tsoro ba. Bayan tirela yana zuƙar ƙura idan ana tafiya, kuma a jar hanyar gona da rani za ka buɗe ka tarar da tukwanenka sun yi ja wur. Abin ɗaga shi kuwa, shokin murfin but na mota guda biyu sun isa.

Yanzu maganar da nake roƙonka kada ka yi wasa da ita. Cikin ɗakin nan bai fi faɗin santimita 115 ba, tsayinsa kamar 110, iskar da ke ciki duka ba ta kai kubik mita uku ba, ga mutum biyu suna numfashi, kai kuma ka toshe kowace kafa da roba. Dole a samu mashigar iska da ba a iya rufewa: ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, da ragar sauro da 'yar rumfar da ke kare ruwa. Ka ƙara taga a kowane gefe da fanka mai jan iska a rufi. Kurfoti ko risho kada su shiga ciki ko da sanyi ya kai yaya, janareta kuma a ajiye shi nesa, hayaƙinsa na kallon wani wajen. Duk shekara muna jin gidan da aka wayi gari an rasa mutane saboda hayaƙin gawayi ko na janareta, a ɗaki na gini ma, balle akwati. Tukunyar gas a waje take zama, a kan wuyan tirela. Ƙofa ka yi biyu, kowane gefe ɗaya, masu buɗuwa daga ciki ba tare da mabuɗi ba. In ɗaya kawai za ka iya, ta kasance a dama, gefen da ba na titi ba. Kuma ba a zama a ciki ana tafiya, ko yaro ko babba.

Wuta ba ta da wuya. Farantin sola mai wat 100 da batir mai amfiya 100 sun ishi fanka da ƙwai biyu da cajin waya har gari ya waye. Ka sa fis dab da batir, ka ja wayoyi kafin ka rufe bango, kuma duk inda waya ta ratsa ƙarfe ka sa mata zoben roba. Katifa sai dai a yanka maka, ta ƙafa huɗu ba za ta shiga ba.

Akwai abin da ba za ka gani a zanen waje ba, amma maiɗakinka za ta fara tambaya a kai. Ba a miƙewa tsaye a ciki, sai zama da kwanciya, salla a waje ake yi, kuma kicin ɗin a fili yake. Ka ɗaura dogon bututu a gefen rufi da za a riƙa zura rumfar tamfol, da labule mai zagayowa har ƙasa, yadda za ta samu inda za ta yi girki da alwala da sauya kaya a suturce. Tun a zane za ka sa katako mai kauri a cikin bango inda bututun zai kama, ba bayan an lulluɓe ba. Wurin kwana kuma, gonarka da ka san mutanenta, ko wuri mai masu gadi kamar sansanin Wikki a Yankari. Ban yarda ka kwana a bakin hanya ko cikin daji da iyali ba.

Idan ka gama, kafin ka sa katifa, ka shiga ciki da tocila ka rufe, wani ya yi ta watsa ruwa da tiyo ta kowace fuska na minti 20, ya fi daɗewa a kan hinjin baya da saman ƙofofi. Inda ka ga ɗigo ka yi masa alama da alli. Sannan ka loda buhunan yashi daidai nauyin kayanka, ka fita da sassafe lokacin da hanya ba cunkoso, ka fara da gudun 40, ka hau 60, ka tsaya a 80, kada ka wuce nan ko bayan ka saba. Bayan kilomita 20 ka sauka ka ɗora bayan hannunka a kan kowane boris. Ɗumi ba laifi, amma in ya ƙona ka an ɗaure shi da yawa ko giris ya yi kaɗan. Ka sake bin notocin taya da na sifirin da na maƙala da sifana, ka maimaita bayan tafiyarka ta farko zuwa Tiga. In ka tashi kafa aksul ɗin ka yi mini magana, zan zo da sikelina mu auna tare.